Manhajar Waya a Cikin Tsohuwar Kwamfuta: Wata Mafita ga Masu Riƙe Lissafin Noman Rani a Kura da Bunkure

Duk ruwan da ya baro madatsar Tiga, ya biyo babban kanal ta Ruwan Kanya, ya rarrabu cikin gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam, akwai rubutu a bayansa. Gonar wane ce wannan, eka nawa ce, shinkafa ya shuka a ranin bana ko tumatur ya dasa, ya biya kuɗin ruwa ko da saura, buhun kamfa nawa ya karɓa bashi, wa ya tsaya masa. An kammala madatsar a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976 ta riƙe aikin, kuma shekara da shekaru wannan lissafi yana kwance ne cikin manyan littattafai masu bangon kwali a kabad ɗin ofis. Gara na iya cin littafi, yoyon rufi na iya jiƙa shi, amma kowa ya san inda yake, kuma idan magatakarda ya bar aiki ba ya tafiya da shi gida.

Yau kaso mai yawa na lissafin nan ya koma waya, kuma ba rana ɗaya hakan ta faru ba. A 2012, lokacin da Akinwumi Adesina ke ministan noma, gwamnatin tarayya ta fara raba takin tallafi ta saƙon tes. Wanda lambarsa ba ta cikin rajista sai dai ya ji labari a majalisa. A 2014 Bankin Duniya ya amince da kusan dala miliyan 495 don shirin TRIMING, wanda ya gyara hanyoyin ruwa a nan da kwarin Haɗeja da Bakolori, ya kuma ɗora wa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa nauyin kula da ƙananan magudanai da karɓar kuɗin ruwa daga hannun 'yan uwansu manoma. A ƙarshen 2015 shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya, wato Anchor Borrowers, ya zo da nasa sharuɗɗan, har da BVN da asusun banki. Sai ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya ƙarasa abin da ya rage: dillalin tumatur a Kwanar Gafan da mai sayen shanshera a Kura, kowa ya koyi tiransifa, yana so ko ba ya so.

Kowane shiri kuwa da manhajarsa yake zuwa. Ma'aikatan da ke bin ƙauyuka suna cike fom, ODK Collect ko KoboCollect ne a hannunsu. Cibiyar AfricaRice ta ƙera RiceAdvice, wadda ke yi wa manomin shinkafa tambayoyi kan gonarsa, irin da ya shuka da abin da aljihunsa zai iya, sannan ta faɗa masa takin da zai zuba da lokacin zubawa. A jihar Kano aka yi mata babban gwaji, kuma binciken da aka buga a 2021 ya nuna amfanin gona ya ƙaru ba tare da manomi ya ƙara yawan takin da yake saye ba. Akwai Plantix, wadda ake ɗaukar hoton ganye a nuna mata ta faɗi cutar da take zato. Wanda ya ga yadda ƙwaron sharon ya share tumatur a 2016, har masana'antar Dangote ta Kadawa ta rasa abin sarrafawa, ba sai an yi masa dogon bayani kan amfanin gane cuta da wuri ba. Kamfanonin casar shinkafa da masu ba da bashin iri da taki su ma sukan zo da tasu manhajar rajista. Kusan dukkansu na Android ne, don Tecno da Infinix da itel ne a aljihun mutane.

Aljihun mutum ɗaya, lissafin jama'a

Ka tsaya a rumfar da sakataren ƙungiyar ruwa ke zama ranar karɓar kuɗi. Layi ya miƙe, rana ta take. Wayarsa na da tsaga a gilashi daga kusurwa zuwa kusurwa, ya ƙure haskenta don ya iya gani, hasken kuma na shan caji. Dattijo ya matso ya ce, "Malam Sakatare, duba mini, wai an ce da saura a kaina." Shi kuma ya ce, "To Baba, bari ta buɗe." Yana jan jerin sunaye da babban yatsa, Abdullahi biyar, Sani bakwai, sai ya buɗe kowanne ya ga sunan uba da lambar fili. Ana cikin haka kira ya shigo daga gida, fom ɗin da ya cike rabi ya ɓace. Dattijon yana son takarda da zai ninke ya sa a aljihu, waya kuwa ba ta ba da takarda.

Wannan wahalar yini ɗaya ce. Wadda ta fi damuna ita ce ta shekara. Wayar ta sakatare ce, da kuɗinsa ya saya, hotunan iyalinsa na ciki. Idan ta faɗa kanal, ko aka zare ta a kasuwa, ko mai gyara a Farm Centre ya ce sai an yi mata filashin, duk abin da ba a tura sama ba ya tafi. Idan aka yi zaɓe aka sauya shugabanni, sabon sakatare sai ya riƙa bin tsohon yana roƙo. Rigimar kuɗin ruwa kuwa ba ƙaramar rigima ba ce a wurin da na ƙarshen magudana ke ganin na farko sun shanye ruwa, kachalla ta toshe sauran, sannan a ce da shi ya biya daidai da kowa. Irin wannan rigima rajista ce ke kashe ta, kuma rajistar da za ta iya hakan sai wadda ke zaune wuri ɗaya, mutum uku su iya leƙa ta a lokaci guda.

Abin mamaki shi ne kayan aikin da suka dace suna nan kusa. A ofisoshi, a makarantu, a shagunan buga takardu na Kura da garuruwan da ke kan titin Kano zuwa Zariya, akwai kwamfutocin tebur na hannu, HP da Dell, masu faffaɗar fuska da kibod da firinta a gefe. Abin da ya raba su da aikin shi ne manhajar ta waya ce, kwamfuta ba ta san yarenta ba. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kuma Microsoft ya daina tallafin yau da kullum ga Windows 10, da yawa daga waɗannan tsofaffin na'urori ba su cika sharuɗɗan hawa Windows 11 ba. Lafiyarsu ƙalau, amma a idon kamfani sun tsufa.

Yadda kwantena ke aiki

Akwai gaskiya ɗaya da mafi yawan masu riƙe da waya ba su sani ba: zuciyar Android, wato ɓangaren da ke magana da ƙarfe kai tsaye, yana raba ƙwaƙwalwa da lokaci tsakanin manhajoji, ta Linux ce. Linux kuwa babbar manhaja ce ta kyauta wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, kuma tana hawa tsohuwar kwamfuta cikin sauƙi. Tunda zuciyar ɗaya ce, sai masu fasaha suka ce: me zai hana a ɗauko sauran jikin Android a ɗora shi kan zuciyar da ke aiki a kwamfutar, a kewaye shi kawai don kada ya cakuɗe da sauran? Wannan kewayen shi ake kira kwantena.

Manomin rani zai fi kowa saurin gane bambancinta da tsohuwar hanya. Manhajoji irin su BlueStacks, waɗanda samari masu wasan ƙwallo da harbe-harbe suka daɗe da sani, suna ƙirƙirar wata na'ura ce ta kwaikwayo a cikin kwamfutar, da tata zuciyar daban. Kamar mutumin da gonarsa ke bakin kanal ne amma ya haƙa tasa rijiyar, ya sayi inji, yana zuba fetur kullum. Zai sami ruwa, ba ya jiran kowa, amma da tsada. Kwantena kuwa buɗe ƙofa ce daga babban kanal: ruwan ɗaya ne da na kowa, sai dai filinka da iyakarsa, kuma akwai mai tsaron ƙofa da ke auna abin da zai shigo maka. Sauƙin ke nan, haɗarin ma ke nan, don idan wani abu ya gurɓata babban kanal, babu filin da zai tsira.

A aikace, Linux na da dabaru biyu da ke yin wannan. Ɗaya tana sa abin da ke cikin kwantena ya ga kamar shi kaɗai ne a na'urar, da nasa fayiloli, da tasa hanyar intanet, da nasa jerin ayyuka. Ɗayar tana ƙayyade yawan ƙwaƙwalwa da ƙarfin da zai ci; injiniyoyin Google ne suka fara ta, ta shiga Linux a 2008, shekarar da wata manhaja mai suna LXC ta fito ta haɗa dabarun biyu wuri ɗaya. Docker ta zo a 2013 ta sa kwantena ta zama ruwan dare a manyan rumbunan kwamfuta na duniya. Saboda babu na'urar bogi a tsakani, manhajar waya na amfani da ƙwaƙwalwa da katin hoto na kwamfutar kai tsaye, shi ya sa tsohuwar na'urar da BlueStacks zai durƙusar take iya ɗaukar kwantena.

Manyan kamfanoni sun shiga sun fita a wannan fage, kuma labarinsu na da amfani ga duk mai shirin dogara da su. A 2016 Google ya fara sa manhajojin Android a kwamfutocinsa na Chromebook ta hanyar kwantena, daga baya ya koma na'urar kwaikwayo saboda ta fi tsaro da sauƙin sabuntawa. Microsoft ya kawo nasa tsarin cikin Windows 11 a 2021, da kasuwar manhajoji ta Amazon a ciki, aka yi ta yayata shi. Ranar 5 ga Maris 2025 ya rufe shi. Duk wanda ya gina aikinsa a kai sai ya nemi wata hanya. A ɓangaren masu sa kai, wani injiniyan kamfanin Canonical, Simon Fels, ya fito da Anbox a 2017, aka daina raya ta a 2023. Wadda ta gaje ta, kuma wadda ake amfani da ita yau, ita ce Waydroid, wadda ta bayyana a 2021. Tana amfani da LXC, Android ɗin da ke cikinta kuma an gina shi ne kan wani nau'in Android mai suna LineageOS. Kyauta ce, kuma rubutunta a buɗe yake, ko masu ita sun gaji wani na iya ɗauka ya ci gaba, kamar yadda ita ma ta ɗauka daga inda Anbox ta tsaya.

A teburin mai shago

Aikin saka Waydroid ba na kowa ba ne, amma bai fi ƙarfin yaron da ya iya sa wa kwamfuta Windows ba. Zai fara da kwashe duk abin da ke kan na'urar zuwa wani wuri. Sannan ya zo da filas mai ɗauke da Linux, nau'in Ubuntu ko Fedora, ya sa, ko dai a share Windows gaba ɗaya ko a bar su biyun, mutum ya zaɓa lokacin kunnawa. Akwai sharaɗi: dole tsarin nuna hoto na Linux ɗin ya zama Wayland, wanda shi ne ke zuwa kai tsaye a sababbin Ubuntu da Fedora. Daga nan sai baƙin allon nan da ake rubuta umarni. Bayan ya sa Waydroid zai rubuta waydroid init, na'urar ta fara sauko da jikin Android, abin da ya kusa gigabait ɗaya ko ya ɗan wuce. A inda sabis ke rawa, mai hankali da dare yake yin wannan, da datar dare.

Idan ta kammala, alamomin manhajojin Android za su fito a jere da na kwamfutar, kamar tare aka haife su. Ka danna ɗaya ta buɗe a tagarta, ka ja ta gefe, ka buɗe takardar lissafi a ɗaya gefen. Sunan da ake ta fama da shi da yatsa ɗaya yanzu yatsu goma ne ke buga shi. Idan manhajar na iya fitar da rahoto a fayil, a kwafo shi daga ɗakin Android zuwa na kwamfutar, a buɗe da LibreOffice, a tura firinta. Baba ya sami takardarsa. Duk bayanan Android ɗin kuma a wuri ɗaya suke kan faifan kwamfutar, wanda ya san aiki zai iya kwafe su duk ƙarshen mako ya ajiye a filas biyu, ɗaya a ofis ɗaya a hannun ma'aji.

Na'ura mai ram gigabait takwas za ta yi aikin cikin walwala. Mai huɗu za ta yi, amma da haƙuri. Katin hoto na Intel ko AMD shi ya fi dacewa, wanda kuma shi ne a yawancin kwamfutocin ofis na hannu. Na Nvidia ya daɗe yana ba Waydroid wahala, har sai an koma zana hoto da ƙwaƙwalwar na'urar, abin ya yi nauyi.

Inda gizo ke saƙar

Duk mai tallata wannan fasaha bai faɗi iyakarta ba, ya cuci mai saurare. Ta farko, ƙwaƙwalwar waya da ta kwamfutar tebur ba iri ɗaya ba ce. Ta waya ƙirar ARM ce, ta kwamfuta ƙirar Intel ko AMD. Manhaja da yawa ba ruwansu da wannan, ko'ina suna gudu. Wasu kuwa an ƙera wani ɓangarensu don ARM kaɗai, sai an ƙara musu tafinta, libhoudini ko libndk. Waɗannan ba sa zuwa tare da Waydroid, don mallakar kamfanoni ne, kuma ko an sa su ba kowace manhaja ke yarda ba.

Ta biyu, Google. Waydroid na da jiki iri biyu, mai kayan Google da marar su. Mai son Play Store zai zaɓi na farko, sannan ya je shafin Google ya yi wa na'urar rajista da lambarta, don a idon Google ba tantacciyar waya ba ce. Wanda ya ga wannan ya yi tsawo, ya koma sauko da manhaja daga kowane shafi da ya ci karo da shi, ya buɗe wa ɓarayi ƙofa da hannunsa. Ko dai daga Play Store, ko kasuwar manhajoji ta F-Droid, ko daga hannun masu manhajar kai tsaye.

Ta uku ita ce babba: kwamfutar tebur ba ta da layi, ba ta da GPS, ba ta karanta zanen yatsa, kyamara kuma ko an jona mata ba lallai manhajar ta gan ta ba. Saƙon lambar sirri ba zai shigo ta ba, sai ta wayar da ke da layin. Ba za ka zagaya gona da ita ka auna eka ba, ba za ka kai ta gindin tumatur ta ɗauki hoton ganye ba. Aikin gona na waya ne, kuma zai ci gaba da zama nata. Abin da kwantena za ta karɓa shi ne aikin zaune: shigar da sunaye, gyara kuskure, duba biya, fitar da rahoto, da koyarwa. Malamin gona da ke son nuna wa mutum ashirin yadda RiceAdvice ke tambaya da amsawa zai fi jin daɗin fuska mai faɗi fiye da waya da ake miƙawa hannu zuwa hannu.

Manhajojin banki da na masu POS kuwa, shawarata a bar su inda suke. Da yawansu suna amfani da binciken Google da ake kira Play Integrity don tabbatar da cewa a tantacciyar waya suke, kuma kwantena ba ta cin wannan jarrabawa. Za ka sami masu koya maka dabarar zagaye binciken a intanet. Kada a bi su. Asusun ƙungiya ba wurin gwaji ba ne, kuma kwamfutar da hannaye da yawa ke taɓawa ba wurin ajiye mabuɗin kuɗi ba ce.

Akwai kuma dalilin da ya sa wasu masu manhaja ke toshe irin wannan hanya da gangan, kuma dalilin nasu na da ƙarfi. A cikin kwantena ko na'urar kwaikwayo, abu ne mai sauƙi a gaya wa manhaja cewa ana tsaye a gona a Bunkure alhali ana zaune ƙarƙashin fanka a cikin birni. Duk wanda ya bi labarin shirye-shiryen tallafin noma a ƙasar nan ya san kukan manoman bogi, masu karɓar taki da bashi ba su taɓa riƙe fartanya ba, na gaskiya kuma a bar shi da jira. Samarin da suka buɗe asusu barkatai lokacin guguwar Hamster Kombat a 2024 sun riga sun san yadda ake ninka waya ɗaya ta zama goma. Idan manhaja ta ƙi buɗewa a kwamfuta saboda tana son shaidar cewa ma'aikaci ya taka gonar da ƙafarsa, gaskiyarta ce, ba na goyon bayan a karya mata ƙofa. Ƙorafina yana kan manhajar da ta haɗa aikin gona da na ofis ta kulle su duka a waya, har gyaran harafi ɗaya a sunan mutum sai an yi shi a ƙaramar fuska.

Sai amana. Rajistar manoma a yau na ɗauke da lambar waya, NIN, wani lokaci BVN da hoto. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗora alhaki kan duk mai tattara irin waɗannan bayanai. Tattara su a kwamfuta ɗaya na kare su daga ɓata, amma yana sauƙaƙa sata idan aka yi sakaci: filas ɗaya, minti biyu. Don haka kwamfutar ƙungiya ta zama ta ƙungiya, da kalmar sirri, da faifai a kulle, ba ta shagon da yara ke kallon fim da yamma ba. Mai shago na iya zama mai sakawa da gyarawa a biya shi ladansa, ba mai ajiya ba.

Wuta ma magana ce. Waya kan wuni da caji ɗaya. Kwamfutar tebur da fuskarta da firinta sai da wutar KEDCO, ko janareta, ko sola mai batir. Ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu na iya lalata fayil. Inda babu tsayayyar wuta, laftof ta hannu mai sauran batir ta fi, kuma Waydroid ba ta bambanta su.

Ba kowace ƙofa ke buƙatar wannan mabuɗi ba

Kafin a share Windows a shiga wannan aiki, a fara tambaya ko manhajar na da wata ƙofa. WhatsApp na da nasa na kwamfuta. ODK da KoboToolbox duk suna ba da damar cike fom da duba sakamako ta burauza, don masu su sun san akwai mai aiki a tebur. Wannan abin a yaba ne, kuma shi ya kamata ya zama ma'auni. Kwantena na da amfani ne ga manhajar da ba ta da ko ɗaya, wadda aka ba ɗan kwangila ya ƙera, ya miƙa, shirin ya ƙare, aka bar mutane da ita.

A nan nake ganin hukumomi da ƙungiyoyin agaji da kamfanonin da ke kawo manhaja wannan yanki suna da bashi a kansu. Duk yarjejeniyar ƙera manhajar rajistar manoma ya kamata ta ƙunshi abu uku: hanyar shiga ta burauza, hanyar fitar da bayanai a fayil ɗin da kowace kwamfuta ke buɗewa, da asusu da sunan ƙungiya maimakon lambar wayar mutum ɗaya. Shugabannin ƙungiyoyin ruwa na da bakin da za su nemi wannan tun ranar da aka tara su bita, kafin a raba musu riga da hula. TRIMING ta kashe maƙudan kuɗi don ƙungiyoyin nan su tsaya da ƙafarsu bayan shirin ya naɗe tabarma. Ƙungiyar da ba ta mallaki rajistarta ba kuwa ba ta tsaya ba tukuna.

Masu hannun yin aikin ma ba su yi nisa ba. Jami'ar Bayero, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, da cibiyoyi irin su CITAD a Kano, duk shekara suna yaye matasan da suka taɓa Linux, wasunsu 'ya'yan manoman nan ne na Kura da Bunkure da suka dawo gida suna jiran aiki. Ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta a aikinsa na ƙarshe zai yi hidima ta gaske idan ya ɗauki manhajojin da ake amfani da su a gonakin nan, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya a Waydroid kan irin kwamfutocin da ke ofisoshinmu, ya rubuta da Hausa wadda ta buɗe, wadda ta buƙaci tafinta, da wadda ta ƙi. Irin wannan jadawali zai hana ƙungiyoyi da yawa ɓata kuɗi da lokaci.

Ƙungiyar da ke son gwadawa kada ta bari sai an saki ruwan rani, layi ya taru a rumfa. Ta gwada tun da kaka, a kwamfutar da ba a dogara da ita ba, da sunayen gwaji, a ga ko manhajar na buɗewa, tana ajiyewa, tana turawa, kuma tana nan bayan an kashe an kunna. Littafin takarda kuma ya ci gaba da tafiya a gefe har kakar ta fita.

Idan manhajar ta ƙi ƙememe, akwai hanya ta uku wadda ba ta buƙatar kwantena ko sauya Windows. Ƙungiya ta sayi waya ɗaya mai sauƙin kuɗi da kuɗin asusu, da layi da sunanta, a jona ta da kwamfuta da igiyar caji, a sa wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna scrcpy, wadda kamfanin Genymobile na Faransa ya fitar a 2018. Fuskar wayar za ta fito a kan kwamfutar, a sarrafa ta da kibod da linzami. Manhajar na gudu ne a waya ta gaske, don haka saƙon lambar sirri zai shigo, GPS na nan, binciken Google ma ba zai ga laifi ba. Da safe ma'aikaci ya sa hannu a littafi ya ɗauke ta ya tafi auna gona, da yamma ya dawo da ita a jona, a gyara sunaye, a buga rasit, a kulle ta a kabad tare da sauran takardun ƙungiya.